Waƙar da Inna Ta Niƙe

Tun da muka baro ƙauye muka tare a cikin garin Isa, abin da kunnena ke nema bai samu ba shi ne ƙarar dutsen niƙa. A nan inji ke niƙa, wani baƙin abu a bakin kasuwa mai ihu kamar ana yanka shi, ya haɗiye dawar mutum cikin ƙiftawar ido ya tofo gari mai ɗumi da warin mai. Ba na zaginsa, tuwonsa nake ci. Sai dai ba a yin waƙa a kansa. A ƙauyenmu, can gefen Tozai, kowane aiki da takunsa, daka da nata, niƙa da nasa, jan guga da nasa, kuma yaro tun yana goye yake shan waɗannan ta bayan uwarsa. Yaran yanzu waƙa ta cika masu aljihu, suna tafe waya tana rera masu, amma ka tambayi ɗayansu da wace ƙafa waƙar ke tafiya, sai ya dube ka kamar ka tambaye shi sunan kakan kakansa. Wasu waƙoƙin ma zuga ce ake yi wa masu bindiga, irin waɗanda suka tashe mu daga gidajenmu. In na ji an kunna irinsu sai hannuna na hagu, wanda ya karye ya ɗore a karkace, ya kama yi mini zogi.

Ni dai tun ina saurayi aka san ni da haɗa baiti. Rabi na koya a makarantar allo, wurin wani malami mai son rera waƙoƙin wa'azi, rabi kuma a gindin makaɗa, abin da malam bai sani ba, ko ya sani ya kau da kai. Shi ya nuna mini kari, wato takun da waƙa ke tafiya a kansa, da amsa-amo, wato sautin da kowane layi zai faɗa a kai ya huta. Yakan ja mini kunne ya ce jikin mutum yana gama jin waƙa kafin hankalinsa ya fara, don haka in kula da abin da nake kaɗa wa mutane. Lokacin na ɗauka surutun tsofaffi ne.

Mu biyu ne maza a ɗakin Inna, ni da yayana Mamman. Akwai kuma Sanda, ɗan baffanmu, wanda uwarsa ta rasu wurin haihuwarsa, Inna ta ɗauke shi ta haɗa su da Mamman a nono. Tare suka yi rarrafe, tare aka yi masu kaciya, tare suke zane ni in na yi masu rashin kunya. Mamman manomi ne na ji da gani. In aka yi gayya aka kafa ganga a bakin gona, ka tsaya ka dube shi, ba ya taɓa sauke galma sai inda ganga ta faɗi. Makaɗi ya sassauta, ya sassauta. Makaɗi ya zafafa, ƙasa ta yi ta tashi a bayansa. Wata rana don tsokana makaɗin ya ɗauke hannu a tsakiyar kiɗi, sai ga Mamman tsaye da galma a sama ya kasa sauke ta, jama'a suka yi ta dariya har da masu faɗuwa. Da damina ta fara yi mana rowa, rumbu ya yi ƙasa, sai ya tafi Sakkwato ya shiga soja don a rage baki a gida. Ba a daɗe ba muka ji an kwashe su a jirgi zuwa wata ƙasa bayan teku, wai su shiga tsakanin wasu mutane da ke kashe juna.

Bayan tafiyarsa ne fari ya zauna sosai. Wanda bai ga waɗannan shekaru ba, ko na faɗa masa zai ce ƙari nake. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin, mu fito muna kallo baki buɗe, sai iska ta zo ta watsa shi. Gero ya fito ya kai gwiwa ya bushe a tsaye. Mata suka shiga daji suna tsinkar anza, ƙwayar wata itaciya, a jiƙa ta a yi ta sauya ruwa don ɗacinta ya fita, a shanya, a niƙa. Aka share ƙarangiya ana sussuke ta don ɗan ƙwayar da ke ciki, aka tone gidajen tururuwa aka ƙwace masu ajiya. Shanu suka riƙa durƙushewa a kan hanya, ungulu na tsaye gefe ba ta ko jiran su gama. Gulbi ya ƙafe ƙaf, sai kowane gida ya shiga tsakiyar yashi ya haƙa rami, a tokare shi da itace, a zauna ana jiran ruwa ya tsattsafo. Ramin Baba ya fi na kowa zurfi, domin shi mutum ne mai naci. Na Baffa da ke kusa da shi ya kafe. Sai magana ta tashi a gidansu cewa Baba ya zurfafa nasa ne da gangan don ya janye masu jijiyar ruwa. Da cikin ƙoshi ne da an yi dariya an wuce, amma yunwa ba ta bar wa kowa dariya ba.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne. Sanda ya zo da sansa guda da ya rage cikin shanunsu, da ƙannensa, da gatari a kafaɗa wanda yake saro wa san ganyen gawo. Mata na jere da tuluna. Baba ya ce ya dakata mutane su ɗiba tukuna, dabba ta sha saura. Sanda ya ce ai ruwansu ne da aka sace. Baba ya ce masa ɗan da aka yi rainonsa a gidansa ba zai kira shi ɓarawo ba, ya ɗaga hannu ya mare shi. Daga nan ban san wanda ya fara ba. Na ji sandar wani ta sauka a hannuna, na ji ƙashin ya ce ƙas, na faɗi. Ina kwance yashi cike da bakina na ga gatarin ya tashi. Tsakanin wuya da kafaɗa ya samu Baba. Bai yi ihu ba, ya dai durƙusa kamar mai neman abin da ya yar, sannan ya kife a bakin ramin, jini na bin itacen tokara yana gangarawa cikin ruwan. Mata suka watse da kururuwa, tuluna suka farfashe, san nan kuwa ya matso ya sa baki yana lasar jiƙaƙƙen yashi. Sanda ya tsaya yana kallon gatarin kamar wani ne ya miƙa masa. Kafin azahar an kai Baba makwancinsa. Washegari aka kwashe ruwan ramin aka zubar, aka jira ya sake taruwa, aka ci gaba da sha, domin babu wani.

An tafi da Sanda Isa an tsare shi. Amma duk wanda ya ga abin dangi ne, na nan ko na can, kowa ya ce ƙura ta hana shi gani, ni kuma aka ce ina ƙasa da karaya, shaidata ba ta tsaya ba. Kafin hannuna ya warke sai ga shi ya dawo. Ina zaune a ƙofar gida hannu ɗaure da karare zai wuce kansa a sunkuye. Ba ni da hannun rama wa ubana, amma ina da baki, kuma ina da wa mai bindiga. A kwanakin nan na haɗa waƙar. Ban taɓa yin wadda ta zo mini da sauƙi kamarta ba. Na ɗauko karin kiɗan 'yan tauri, gajere mai sara, wanda in aka kaɗa shi mutum ke zare wuƙa ya yi ta gurza wa cikinsa, na sa kowane layi ya faɗa a kan sauti mai tsini. A waƙa ce kaɗai nake iya kiran sunan yayana tsirara, na kuwa kira shi. Baiti ɗaya za ni kawo, shi ma mafi sanyi a ciki:

Jinin ubanka ne, jini,
Jan da ke riga ba rini,
Taho da ƙarfe mai tsini,
Kar Sanda ya ƙara wuni.

A lokacin an fara aika saƙo a kaset. Akwai wani ɗan kasuwa a Sabon Birni mai kai kaya Nijar yana dawowa da wasu, yana da rakoda, kuma an ce wani soja ɗan garin da ya zo ganin gida zai koma inda su Mamman suke. Ina shirin tafiya ranar kasuwa, ina ta maimaita waƙar a bayan ɗaki don kada ta kuɓuce mini, ashe Inna tana ji. Tana cikin takaba, ta rame har zanenta na zagaya ta ya yi saura. Ta kira ni gindin dutsen niƙa, inda take durƙushe da ɗan ƙoƙon anza.

"Sake hwaɗi in ji," in ji ta.

Na gyara murya na rera mata tun daga farko, ina jin daɗin kaina. Ban kai ƙarshe ba na ga ƙafata tana dukan ƙasa.

"Wagga ba waƙa ta ba, ganga ta," ta ce. "Mi kaka so yayanka shi yi in yaj ji ta?" Ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne.

"Shi zo shi kashe Sanda, Inna."

"To. Shi kashe Sanda, hukuma ta kashe shi. In tashi da kabari ukku, duk nawa. Nono guda sunka sha, ko ka manta?"

Na ce mata jinin Baba ba zai tafi a banza ba, na ce ko so take Mamman ya dawo ya ji a bakin duniya cewa mun ɓoye masa. Na faɗi maganganu masu zafi, ta bar ni na gama.

"Ban ce ka ɓoye mai komi ba," ta ce. "Hwaɗa mai ubanai ya mutu. Hwaɗa mai wanda yas sare shi. Amma bisa dutsen ga za ka hwaɗe ta. Abin da dutse yaɗ ɗauka shi tahi, abin da yaƙ ƙi ka bar shi nan gida."

Ta zuba anza ta kama niƙa. Wanda bai taɓa saurara ba ba zai gane ba. Niƙa ba shi da sara. Turawa ce doguwa, da jawowa doguwa, da numfashi a tsakani, babu inda abu ke faɗuwa tim. Na ɗora waƙata a kai, ta ƙi zama. Layukan sun yi gajarta, sai in gama faɗi dutsen bai kai rabin hanya ba, in tsaya baki buɗe kamar wawa. Na ja su don su kai, suka zama abin dariya, domin ba a iya cewa a kashe mutum a hankali cikin lanƙwasa murya. Na yi fushi na tashi, ta ce in zauna. Dole na tsawaita layi, kuma dogon layi ba ya faɗawa a kan tsini, yana neman sauti mai buɗe baki wanda za a ja. Na lalubo, abin da ya zo mini shi ne ruwa. Da ruwa ya zo sai uwa ta biyo shi, sai yunwa, sai gawa, sai dawowa. Ban gayyace su ba, amsa-amon ne ya jawo 'yan'uwansa. Muka wuni a nan, tana niƙa ina ɗorawa. In na cusa kalmar da ta yi zafi sai dutsen ya yi tuntuɓe da ita, Inna ko ɗaga kai ba ta yi, ta dai ci gaba, ni da kaina in cire. Anzar ta ƙare ta ci gaba da tura dutse a kan dutse. Ga kaɗan daga abin da ya fito:

Mamman, ina gaishe ka daga ƙasar da babu ruwa,
Baba ya tafi inda mu ma ke jiran ranar zuwa,
Sanda ya sare shi, ban ɓoye ba, a kan ramin ƙishirwa,
Ku biyu kun sha nono guda, mai nonon tana da rayuwa,
In za ka zo, zo da hannun shuka, mun gaji da ɗaukar gawa.

Ita na rera a rumfar ɗan kasuwan nan a Sabon Birni, bakina kusa da rakoda, mutane sun kewaye ni. Raina a ɓace na yi ta. Har yau, in don waƙa ce, ta farkon ta fi. Ta fi tsari, ta fi kama jiki, babu kalma ɗaya ta banza a cikinta. Ta biyun tana da wuraren da take jan ƙafa, ni na sani ko ba a faɗa mini ba.

Aka daɗe ba labari. Wata daminar ta sake zuwa ta wuce ba ta bar komai ba. Sai ran nan da la'asar ga Mamman ya shigo da jaka a kafaɗa, ya sauka a mota a Isa ya tako da ƙafa. Ya yi baƙi, idonsa ya faɗa, kuma ya koyi wani irin zama da bayansa a jikin bango. Ya gaida Inna, ya je kabari ya daɗe, bai tambayi kowa komai ba. Da gari ya waye ya shiga ɗakin Baba ya fito da addarsa, ya zauna ya wasa ta a tsakar gida. Inna tana kallo. Ya miƙe ya nufi gulbi, na bi shi, kuma ba don in hana shi na bi shi ba.

Sanda yana cikin raminsu yana ƙara haƙa. Mamman ya sunkuya ya damƙo shi ta wuya ya fizgo shi waje kamar ɗan akuya, don yunwa ta riga ta cinye shi. Ya buga shi da ƙasa. Ya sa masa ƙulli a baki har haƙora suka zubo, ya tattake masa haƙarƙari da takalmin soja, ya kama kansa ya yi ta cusawa cikin yashi yana ɗagowa. Sanda bai rama ba, bai roƙa ba, jini da yashi sun rufe masa fuska, abin da kawai yake cewa shi ne, "Yi, ɗan'uwa, yi." Mutane suka taru daga nesa, ba wanda ya matso. Mamman ya danne masa ƙirji da gwiwa, ya ture masa haɓa sama har maƙogwaro ya fito, ya ɗaga addar. Addar ta tsaya a sama. Ta daɗe a can. Ina kusa, na ga leɓensa yana motsi, na ga kafaɗunsa suna zuwa gaba suna dawowa a hankali, kuma na san wannan tafiyar, ta Inna ce a kan dutse. Sai ya yi wani irin gurnani, ya juya addar, ya sauke bayanta a kan hannun daman Sanda da ke shimfiɗe a yashi. Yatsun suka ruguje. Ya yi jifa da addar cikin rami, ya tashi ya tafi gida yana tangaɗi. Sanda ya rayu, da hannun hagu ya ci tuwo har ya tsufa.

Bayan kwana biyu muna zaune da rana a inuwar gawo, ni da Mamman, ya yi magana ba tare da ya dube ni ba.

"Kai da waƙarka kun cuce ni. Na ji ta har kaset yat tsinke, na ɗaure na ci gaba da ji. Ana wuta bisa kanmu tana cikin kaina. Na zo da niyya, wallahi na zo da niyya. Na ɗaga, ina jiran inda za ta hwaɗi in sauke, ba ta hwaɗi ba."

Na ce masa ai ba ita na fara yi ba, akwai wata, Inna ce ta hana.

"Hwaɗe ta in ji."

Na fara. Ban gama baitin farko ba na ga diddigensa yana dukan ƙasa. A na biyu yatsunsa suka dunƙule, jijiyar wuyansa ta tashi, numfashinsa ya koma bin karin. Ina shiga na gaba ya zaburo ya rufe mini baki da tafinsa, da ƙarfin da ya fasa mini leɓe, ya haɗa kaina da gindin gawon.

"Da wagga ka aiko, da yau babu gidan Baffa, babu ni," ya ce. "Kak ka sake hwaɗinta. Ko bayan raina."

Inna ta rasu, Mamman ya rasu, Sanda ma. Dutsen yana can cikin kangon gidanmu, in ba a fasa shi ba. Ruwa ya dawo tuntuni, amma yanzu gonakin ne ba a iya zuwa, kuma abin da a da sai an wasa adda an tako da ƙafa an dubi idon mutum kafin a yi, yau daga kan babur ake yinsa. Kwanan baya wasu samari suka yi mini sallama, 'yan sa-kai, da bindigogin gida da layu a damtse. An kashe masu mutane a hanyar gona, kuma sun ce sun san rugar da za su je. Sun ji an ce ni mai haɗa waƙa ne, suna son wadda za ta tsuma su, su ɗauka a waya su tafi da ita. Ban ga laifin zafinsu ba, na san ɗanɗanonsa. Na dube su ɗaya bayan ɗaya. A gaba akwai jikan Mamman, kusa da shi, kafaɗa da kafaɗa, jikan Sanda.

"Baba tsoho, an ce kana da wata ta da, mai zahi," in ji jikan Mamman. "Ita muka so."

Ƙafata ta riga ta fara motsi a ƙarƙashin riga, na danne ta da hannun nan karkatacce. Na ce masu tsufa ya zo, na manta. Suka yi mini sallama suka tafi ransu ba daɗi.

Ban manta ko layi ɗaya ba.